Kakin Soja a Bainar Jama'a: Wa Ke da Ikon Gyara, Kuma Ta Yaya? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki, ko yake yawan bin hanyar da ke da shingen sojoji, ya san yadda rigimar kaki take tashi. Wani lokaci soja ne ya fito gari da kakinsa a hargitse. Wani lokaci matashi ne ya tsinci wando mai dabbare-dabbare a gwanjo ya sa. Wani lokaci kuma sojan gona ne yake tatsar jama'a. Matsaloli ne guda uku daban-daban, amma a kan titi sai a haɗa su a yi musu magani ɗaya, wato duka da tozartawa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da dokar Najeriya da tsarin soja suka tanada.

Tambaya: Da gaske laifi ne wanda ba soja ba ya sa kakin soja?

Amsa: Laifi ne, sai dai yadda aka rubuta shi ya bambanta tsakanin Kudu da Arewa. A jihohin Kudu da ke aiki da kundin hukunta laifuka na Kiriminal Kod, sashe na 110 ya hana wanda ba ya aikin soja sa kaki, ko wani ɓangare nasa, ko tufar da ta yi kama da shi. Hukuncin da ke rubuce shi ne ɗaurin wata ɗaya ko tarar naira 10, kuma wannan adadin kaɗai ya isa ya nuna tsufan dokar. Sashe na 111 ya haɗa da mai sayarwa da mai bayarwa. Sashe na 251 kuma yana magana ne a kan wanda ya sa kaki ta hanyar da za ta jawo masa raini, shi ɗaurin wata uku ne ko tarar naira 40.

A Arewa da Abuja, kundin hukunta laifuka na Final Kod (Penal Code) ake bi. Sashe na 133 ya ambaci wanda ya sa tufa ko ya ɗauki alama irin ta wani rukunin ma'aikatan gwamnati da niyyar a ɗauka shi ma yana cikinsu. A lura da maganar niyya, domin a kanta laifin ya rataya. Sashe na 132 shi ne na wanda ya yi iƙirarin muƙamin da ba nasa ba har ya yi aiki da shi, kuma hukuncinsa ya fi nauyi. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017, saboda haka lambar sashe tana iya sauyawa daga jiha zuwa jiha.

Inda duk suka haɗu shi ne kotu ce mai yanke hukunci. Babu sashe ko ɗaya da ya ambaci bulala a bakin titi, ko tsallen kwaɗo, ko birgima cikin kwata.

Tambaya: Me ya sa sojoji ke tsanantawa haka a kan tufa?

Amsa: Domin an sha kashe mutane da ita. A watan Satumba na 2013, 'yan Boko Haram sanye da kakin soja suka tare hanyar Maiduguri zuwa Damaturu a Benisheikh. Direbobi suka riƙa tsayawa suna zaton shingen gwamnati ne, aka hallaka fiye da mutum 140. A daren 14 ga Afrilun 2014, waɗanda suka shiga makarantar 'yan mata ta Chibok sun zo ne a matsayin sojojin da za su kai ɗalibai tudun mun tsira, suka tafi da 276. Har gobe mutanen karkara a Zamfara da Katsina da Sakkwato suna ba da labarin 'yan bindiga da suka shigo musu cikin kaki, ba a farga ba sai da harbi ya tashi.

Wannan ne ya sa a 2015 gwamnatin tarayya ta taƙaita kaki mai dabbare-dabbare ga sojoji, sai 'yan sanda idan suna aikin haɗin gwiwa ko wani aiki na musamman, aka umarci sauran hukumomi su janye nasu. Shigo da shi daga waje ma sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, shi ya sa ake jin Kwastam ta kama kwantena.

Akwai kuma abin da ke zuciyar sojan kansa. Ya sha watanni na gwale-gwale a makarantar horar da kurata ta Zariya kafin a ce ya cancanci rigar nan, wataƙila ya binne abokin da aka kashe a cikinta a Sambisa ko bakin Tafkin Chadi. Idan ransa ya sosu da ya ga ana tallar lemo da ita, ni dai ban ga laifinsa ba. Abin da zai yi da sosuwar ran shi ne abin magana.

Tambaya: To idan soja ya ga farar hula da kaki, me doka ta ba shi damar yi?

Amsa: Zai iya tsayar da shi, ya tambaye shi ko shi jami'i ne, ya nemi katin shaida. Idan ba jami'i ba ne, ya gaya masa a fili cewa tufar ba ta halatta gare shi ba. Idan ya ga alamar yaudara ko wani mugun nufi, ya riƙe shi ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Iyakarsa ke nan. Farar hula ba ya ƙarƙashin dokar soja, ba a kai shi gadurum (ɗakin tsare masu laifi na bariki) a ajiye, kuma ba a hukunta shi a wurin da aka kama shi.

Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, ya hana azabtarwa da wulaƙantarwa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta shiga cikin bayani dalla-dalla: bayan duka, ta lissafa tuɓe mutum tsirara, da zagayawa da shi a bainar jama'a, da aske masa kai ba da sonsa ba. Ɗaurinta yana kaiwa shekara 25. A auna nan a gani. Mai wandon laifinsa na wata ɗaya ne ko naira 10, wanda ya tuɓe shi a tsakiyar kasuwa ya faɗa cikin laifin da ya ninka wancan sau ɗaruruwa.

Rundunar Sojan Ƙasa ma ta taɓa nuna matsayinta a aikace. A watan Fabrairun 2017 aka ga bidiyon wasu 'yan sandan soja biyu suna lakaɗa wa wani mai lalurar ƙafa duka a Onitsha ta Jihar Anambra, saboda ya sa kayan da suka yi kama da na soja. Ƙasa ta ɗauka. Rundunar ta kama su, ta sauke su daga kofur zuwa farabiti, ta ɗaure su kwana 21 da aiki mai tsanani. Waɗannan biyun sun fito ne da sunan kare martabar kaki, amma abin da suka zubar masa na mutunci a cikin mintoci kaɗan, wando dubu na gwanjo ba za su iya zubar da shi ba. Jama'ar da suka tsaya suna kallo su ne gobe ake so su kawo rahoton inda ɓarayi suka kwana, kuma mutum ba ya kai sirri wurin wanda yake tsoro.

Tambaya: Soja ya tare ni saboda wandona ko hulata. Me zan yi a lokacin?

Amsa: Ka tsaya, hannunka a inda zai gani, kada ka gudu, kada ka ɗaga murya. Ka ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, a kasuwa na saya, ban san haramun ba ne. Zan cire." Idan hula ce ko riga ta sama, cire ka miƙa. Idan wando ne, roƙi a bar ka ka sami na canji ko ka aika a kawo maka. Bakin shinge ba wurin karanto sassan doka ba ne, ko da kai ne mai gaskiya. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da wurin, da lokacin, da lambar motar sintiri idan akwai. Maganar haƙƙi a wurin da ya dace za a yi ta, bayan ka tsira da lafiyarka.

Tambaya: Idan an riga an dake ni ko an tozarta ni, ina zan kai kuka?

Amsa: Fara da asibiti, ka karɓi rahoton likita, a ɗauki hoton raunin tun bai warke ba, ka nemi waɗanda suka gani su yarda su ba da shaida. Daga nan ƙofofi suna da yawa. Akwai ofishin 'yan sandan soja na barikin da ya fi kusa, ko kwamandan rundunar. Akwai teburin kare haƙƙin ɗan Adam da Rundunar Sojan Ƙasa ta buɗe a 2016 a ƙarƙashin sashen hulɗar soja da farar hula. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi. Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye ka nemi diyya. Ka rubuta ƙorafinka a takarda, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Ƙorafin baki yana da saurin ɓacewa.

Tambaya: Idan soja ne da kansa ya fito da kaki ba daidai ba, wa ke gyara masa?

Amsa: Nauyin yana kan duk wanda ya girme shi a muƙami, musamman masu igiya, daga kofur da saje har zuwa samanja, wanda shi ne uban ladabi a bataliya. A cikin gari kuma akwai 'yan sandan soja masu jar hula, kuma sojan ruwa da na sama kowanne yana da nasa. Babban da ya ga kuskure ya wuce, ya koya wa ƙaramin cewa kuskuren daidai ne.

Yadda ake gyaran shi ne ke rarrabe gogagge da ɗan koyo. A ɗauka a tashar mota ne. Wani ƙaramin soja yana jiran mota ta cika, hularsa a cuse cikin aljihu, maɓallan rigarsa biyu a buɗe, hannun rigar ɗaya a naɗe ɗaya a sake. Wani samanja cikin kayan gida ya hango shi. Ba zai ƙwala masa kira daga nesa ba. Zai matso ya yi sallama, ya nuna katinsa a tafin hannu yadda su biyu kaɗai za su gani, ya ja shi bayan mota. "Soja, wace bataliya kake? Lafiya na gan ka haka?" Sai ya saurara. Idan babu uzuri, "Sa hularka, ɓalla maɓallan nan, ka daidaita hannun rigarka." Yaron ya ƙame, ya ce, "An gama, Oga." Kafin kwandasta ya gama karɓar kuɗi an wuce wurin, fasinjoji ba su ma san an yi ba.

Tambayar nan ta "lafiya?" tana da muhimmanci. Sojan da ka gani da takalmi mai taushi maimakon but wataƙila yana ɗauke da takardar likita saboda rauni a ƙafa. Wanda ka gani da kaki duk ƙura wataƙila daga fagen daga yake, ya kwana a hanya. Sannan mai gyara ya tabbata ya san ƙa'idar da ake kai yanzu, domin tsarin sutura yana sauyawa, kuma na sojan ƙasa daban yake da na ruwa da na sama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, in dai an faɗe shi yadda ya kamata.

Idan sojan ya ƙi, ko ya yi rashin kunya, ba a kokawa da shi a gaban jama'a. A ɗauki sunansa da lambarsa da rundunarsa, a kai rahoto. Dokar Sojoji tana da sashe na 103 a kan ɗabi'ar da ke ɓata da'a da tsarin aiki, kuma kwamandansa yana da ikon gurfanar da shi ya hukunta shi a cikin bariki.

Tambaya: Ƙaramin soja zai iya gyara wa hafsa?

Amsa: Zai iya ankarar da shi, cikin ladabi kuma a keɓe. Ya sara masa, ya nemi izinin magana, ya ce, "Yallaɓai, aninin kafaɗarka ta hagu ya karkace." Hafsa mai hankali godiya zai yi, domin gara ya ji daga kofur a bakin ƙofa da ya ji daga kwamanda a filin fareti. Umarni ne ba zai ba shi ba.

Tambaya: Ni farar hula, ina da bakin yi wa soja magana a kan shigarsa?

Amsa: Ikon ba shi umarni ba ka da shi. Idan ƙaramin abu ne, kamar wani abu ya faɗo masa ko aljihu a buɗe, ka faɗa masa kamar yadda za ka faɗa wa kowane ɗan'uwa. Idan kuwa abin ya wuce sutura, kamar soja cikin kaki yana maye da bindiga a hannu, ko yana karɓar kuɗi, ko an ɗauko shi haya don karɓar bashi ko rikicin fili, kada ka tunkare shi. Ka kai rahoto bariki mafi kusa. Ina roƙon masu saurin ɗaga waya su yi hattara: ɗora hoton soja a Facebook ko TikTok saboda hula ko takalmi yana iya jawo masa hukuncin da ya fi laifinsa, yana kuma iya fallasa inda yake aiki ga masu neman ransa. Cin zarafi da zalunci su ne suka cancanci a tara musu shaida.

Tambaya: Akwai abubuwan da ba a yarda soja ya yi ba alhali yana cikin kaki?

Amsa: Akwai. Shiga gangamin siyasa a matsayin magoyi baya, zaman mashaya, da duk abin da zai sa a ga kamar rundunar ce ke yi ba mutum ɗaya ba. Rundunar tana da ƙa'idar amfani da kafafen sada zumunta, kuma tana hukunci a kanta. A watan Disambar 2021 an tsare wata soja mace bayan bidiyo ya bazu tana karɓar tayin aure daga wani ɗan bautar ƙasa a sansanin Yikpata na Jihar Kwara, tana sanye da kaki. Jama'a suka yi ta roƙo, daga baya Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Faruk Yahaya, ya ba da umarnin a sake ta. Mutane da yawa sun ga an tsananta, ni ma haka na gani, amma lamarin ya nuna yadda rundunar ke ɗaukar duk abin da aka yi cikin rigarta.

Tambaya: Yaya ake gane sojan gona, kuma me za a yi idan an yi zarginsa?

Amsa: Alamu suna nan: haɗa rigar wannan runduna da hular waccan, igiya ko anini a inda ba a sa su, rashin suna a ƙirji, shekarun da ba su dace da muƙamin da ya rataya ba, kame-kame idan an tambaye shi inda yake aiki. Babbar alama dai ita ce neman kuɗi, musamman da sunan samar wa yaro gurbin shiga soja. Ba a sayar da gurbin nan, duk wanda ya ce a biya shi ɗan damfara ne ko da kakinsa na gaske ne.

Amma alama ba hujja ba ce, kuma farar hula yana iya kuskure cikin sauƙi. Ka sanar da 'yan sanda ko bariki, su suka san tambayoyin da za su warware gaskiya cikin minti biyu. Kada ka yi masa ihu a kasuwa. Mun ga abin da taron jama'a ya aikata bisa zargi a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta komawa Kano. Ihun da ka fara ba kai za ka tsayar da shi ba.

Tambaya: 'Yan fim da masu barkwanci na intanet fa?

Amsa: Sashe na 110 da kansa ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗantarwa ta gaskiya. Sai dai keɓewar ta wurin wasa ce, ba ta hau babur da kayan a tafi gida ba. A 2022 rundunar 'yan sanda ta gargaɗi masu fim da barkwanci a kan amfani da kakinta ba da izini ba, ta kafa hujja da sashe na 251 na Kiriminal Kod da na 133 na Final Kod. Hanya mafi aminci ga furodusa ita ce ya rubuta wa rundunar da abin ya shafa, ya sanar da caji ofis na unguwar da za a yi ɗauka, a sa kayan a wurin a kuma cire a wurin.

Tambaya: Yara da ake ɗinka wa kayan soja da Sallah, da 'yan gwanjon da ke samun su cikin dila fa?

Amsa: Yaro ɗan shekara biyar ba wanda zai ɗauka soja ne, kuma sojan da ya tsorata shi ko ya ci mutuncin mahaifiyarsa a kan haka ya yi abin kunya. Duk da haka shawarata ga iyaye ita ce a zaɓi wani yadin, musamman idan za a yi tafiya ta hanyar da ke da shinge. Ɗan gwanjo kuwa, yadda kayan ke zuwa masa a bayyane yake: a Amurka da Turai zanen dabbare-dabbare ado ne da kowa ke sawa, shi ya sa ake buɗe dila a Ƙofar Wambai a tarar da su. Amma dokar da za a yi masa aiki da ita ta nan ce. Ya ware su gefe, kada ya rataye su, balle ya sayar wa wanda ya zo neman saiti guda da hula da but.

Tambaya: Haka abin yake a wasu ƙasashe?

Amsa: Ya danganta. Ghana tana da doka tun 1973 da ta hana farar hula amfani da kayan soja, don haka mai zuwa Accra ko Kumasi ya bar irin wannan wandon a gida. Barbados ma ta hana, har ga 'yan yawon buɗe ido. A Amurka ana sa zanen a matsayin ado, amma dokar tarayya ta hana sa ainihin kakin soja ba da izini ba. A 2012 Kotun Ƙolinsu ta soke dokar da ke hukunta mai ƙaryar samun lambar yabo ta soja, sai majalisa ta yi sabuwa a 2013 wadda ta tsaya ga wanda ya yi ƙaryar don ya sami kuɗi ko wata moriya.

Tambaya: Tsohon soja zai iya ci gaba da sa kakinsa? Idan kuma ya rasu ya bar shi fa?

Amsa: Wanda ya yi ritaya akan gan shi da kayan girmamawa da lambobinsa a taruka na musamman, kamar Ranar Tunawa da Mazan Jiya ta 15 ga Janairu, kuma ƙungiyar tsofaffin sojoji tana da nata kayan. Zuwa kasuwa ko gadi ko raka ɗan siyasa cikin kakin aiki ba ya cikin wannan. Wanda aka kora daga aiki kuwa ba shi da wannan damar ko kaɗan.

Idan mahaifinku ya rasu ya bar kaki, lambobin yabo da hotuna da takardunsa na iyali ne, ku adana. Kakin kuma kada a saka shi cikin kayan sadaka, kada a ba maƙwabci ya je gona da shi, kada a kai gwanjo. Katin shaida, da duk abin da ya danganci makami ko da kwanson harsashi ne, a mayar wa rundunarsa ta ƙarshe ko bariki mafi kusa, a karɓi takardar shaidar an mayar.